Kaduna, 1979: Gwamna Ba Majalisa

Da wuya a ambaci sunan Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a wurin hira a tashi ba wanda ya yi wannan tambaya: wai ta yaya mutum zai ci zaɓen gwamna a jiha, amma jam'iyyarsa ta sha ƙasa a majalisar dokokin wannan jihar? Ba mutanen da suka zaɓi 'yan majalisa ne suka dawo suka zaɓi gwamna ba? Ko kuwa cikin kwana bakwai ne jama'ar Kaduna suka kwana suka tashi da sabon ra'ayi?

Tambayar tana da tushe. A yau mun saba ganin gwamna da majalisarsa 'yan gida ɗaya, kome ya aika a buga masa hatimi. A Kaduna ta 1979 kuwa ba haka aka yi ba, kuma abin da ya faru can shi ya haifar da tsige gwamna na farko a tarihin Nijeriya. Amsar ba a cikin wani abin al'ajabi take ba. Tana cikin yanayin jihar, da jadawalin zaɓen, da kuma wani ɗan lissafi da ko ɗan firamare zai iya bi.

Wace Kaduna ake nufi?

Matashin da ya ji an ce Kaduna, taswirar yau zai hango. Ta wancan lokaci ta fi haka girma nesa ba kusa ba, domin har da Katsina da Daura a ciki. Sai a 1987 aka cire Jihar Katsina. Wato daga kan iyakar Nijar ta wajen Jibiya, a biyo ta Funtuwa da Zariya, a ratsa birnin Kaduna, a gangara har Kafanchan, duk gwamna ɗaya ne. Lardin Katsina da lardin Zazzau aka haɗa a 1967 aka kira su Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka sauya mata suna.

Zaman kuwa na doya da manja ne. Katsinawa da Zazzagawa kullum ana kallon juna a kan muƙamai da ayyukan raya ƙasa: wa ya samu hanya, wa ya samu asibiti, ɗan wane ɓangare ne babban sakatare. Can kudancin Zariya kuma akwai ƙabilu masu yawa, akasarinsu Kirista, waɗanda suka daɗe suna kukan an ɗora musu hakimai daga Zazzau. Ga kuma tsohon miki tsakanin talakawa da masu sarauta, wanda NEPU ta Malam Aminu Kano ta fara taɓawa tun 1950, kuma Zariya na cikin wuraren da ta yi ƙarfi, garin su Hajiya Gambo Sawaba. Duk wanda zai ci zaɓe a irin wannan jiha sai ya san inda kowane ɓangare ke masa ciwo.

Asabar biyar

Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa a Satumban 1978, ƙungiyoyi da dama suka fito, amma hukumar zaɓe ta FEDECO biyar kawai ta yi wa rajista: NPN ta Alhaji Shehu Shagari, UPN ta Cif Awolowo, NPP ta Dokta Azikiwe, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, sai PRP ta Malam Aminu Kano. A karkarar Arewa ba da haruffa ake gane su ba, da alama ne da kirari. NPN gida da masara, a ce Aminci. PRP mabuɗi, a ce Nasara. Kuma wannan ne babban zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka fito suka dangwala ƙuri'a, abin da NEPU ta sha duka da ɗauri a kansa shekaru ashirin kafin nan.

Sai jadawali, wanda shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Ba rana ɗaya aka yi zaɓen ba, an rarraba shi ne Asabar-Asabar. Ranar 7 ga Yuli sanatoci, 14 ga Yuli 'yan majalisar wakilai, 21 ga Yuli 'yan majalisun jihohi, 28 ga Yuli gwamnoni, sannan 11 ga Agusta shugaban ƙasa. Damina ce tsaf, manomi yana barin fartanya a gona ya je ya hau layi, zaɓen gwamna kuma ya faɗo a kwanakin farko na azumi.

Abin lura shi ne, kafin a zo zaɓen gwamna an riga an yi gwaji sau uku, kuma kowa ya ji sakamako a rediyo. 'Yan adawa a Kaduna sun ga NPN ta kwashe kujeru sau uku a jere. Amma sun ga wani abu kuma: idan aka tattara ƙuri'un da ba na NPN ba wuri ɗaya, ba ƙaramin tsibi ba ne.

Lissafin mazaɓa daban, na jiha daban

Majalisar dokokin Kaduna kujera 99 gare ta. NPN ta samu fiye da 60, PRP ba ta kai 20 ba, GNPP da NPP da UPN suka raba sauran. Wanda ya dubi wannan zai ce ai kashi biyu cikin uku na jama'ar jihar 'yan NPN ne. A nan kuskuren yake.

Mu ɗauki misali, a ce ga wata mazaɓa da aka kaɗa ƙuri'a 10,000. Ɗan takarar NPN ya samu 4,000, na PRP 3,000, na GNPP 2,000, sauran biyun suka raba 1,000. Wa ya ci? Na NPN, kuma kujerar tasa ce gaba ɗaya, ba a yanka wa kowa ko ƙafa ɗaya. Amma mutum 6,000 cikin 10,000 ba shi suka zaɓa ba. A maimaita irin wannan a mazaɓa bayan mazaɓa, sai ka ga jam'iyyar da ba ta kai rabin ƙuri'un jiha ba ta cika majalisa maƙil.

Zaɓen gwamna kuwa jihar duka ce mazaɓa ɗaya. Ƙuri'ar ɗan PRP na Malumfashi da ta tafi a banza makon jiya, yau za ta haɗu da ta ɗan'uwansa na Tudun Wadan Zariya, ta haɗu da ta ma'aikacin masaƙa na Kakuri, ta haɗu da ta manomin citta na Kachiya. Babu wadda ke faɗuwa ƙasa. Idan kuma masu 2,000 da masu 1,000 ɗin nan suka ga cewa nasu ba zai kai labari ba, suka karkata ga wanda ya fi kusa da kayar da NPN, lissafi ya juye ke nan. Kusan haka aka yi. Magoya bayan sauran jam'iyyu da yawa, musamman a kudancin jihar inda NPP da UPN ke da mutane, suka ba Balarabe Musa ƙuri'arsu, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN da tazara 'yar kaɗan.

Ga wata shaida. Mako biyu bayan haka aka yi zaɓen shugaban ƙasa, kowace jam'iyya ta koma ga ɗan takararta, sai Shagari ya zo na ɗaya a Jihar Kaduna, Malam Aminu Kano yana biye. Jama'a ba su sauya ba. Wani kaso mai tsoka na ƙuri'un da suka ɗora Balarabe a kan mulki aro ne, kuma wannan magana ita ce za ta bi shi har ranar da aka sauke shi.

Me talaka ya gani?

Lissafi kaɗai ba ya sa mutum ya bar gona ya je rumfar zaɓe da azumi a baki. Sai da akwai abin da ya gani a 'yan takarar. Lawal Kaita ɗan gidan sarautar Katsina ne, jam'iyyarsa kuwa ita ce ta gaji NPC ta su Sardauna, ita ce ta manyan 'yan kasuwa da manyan 'yan boko da akasarin masu rawani. Balarabe Musa, haifaffen Kaya ta ƙasar Zazzau a 1936, akanta ne da ya shiga NEPU tun yana saurayi, mutum mai kaifin harshe wanda bai iya lanƙwasa magana ba. Bazazzagin da ke tsoron Katsinawa za su mamaye gwamnati ya ga nasa. Mutumin kudancin Zariya ya ga wanda ke cewa sarakuna su tsaya a inda doka ta ajiye su. Katsina ma ba a bar ta ba, don daga can aka ɗauko mataimaki, Alhaji Abba Musa Rimi. Rabuwar ta shiga har cikin manyan gidaje: Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2007, ɗan PRP ne a lokacin, alhali mahaifinsa jigo ne a NPN.

Sai maganar haraji da jangali. Wanda bai riski zamanin ba zai ɗauka kuɗi ne kawai ake biya kamar na yau. Ba haka talaka ya san shi ba. Da kaka ta yi, mai unguwa zai bi gida-gida da jerin sunayen duk namijin da ya isa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Ko gona ta yi ko ba ta yi ba, kuɗin yana nan. Wanda ba shi da shi ya sayar da damin hatsin da iyali za su ci da bazara, ko akuyar matarsa, ko ya sulale cin rani kafin a zo. Wanda aka kama kuwa, dogari zai tasa ƙeyarsa zuwa ƙofar fada, wani a shanya shi a rana a gaban 'ya'yansa har sai dangi sun haɗa. Takardar shaidar biya kuma dole ta zauna a aljihu, domin ana iya tare ka a kasuwa ko a tasha a ce fito da ita. Bafulatani shi kuma kan kowace saniya ake ƙirga masa, shi ya sa da an ji masu jangali sun doso sai a kora rabin garke cikin daji. Jam'iyyar da ta ce za ta soke waɗannan biyu ba ta buƙatar doguwar lacca. Kuma da PRP ta hau, a Kaduna da Kano duka, ta soke su.

Gwamnati ba kwamishina

Ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da gwamnoni 19. NPN tana da bakwai, UPN biyar, NPP uku, GNPP biyu, PRP biyu. A Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya shiga ofis da majalisa mai kujera 138 wadda PRP ta cika ta kusan duka. A Kaduna, Balarabe ya tarar da Alhaji Mamman Abubakar Ɗan Musa na NPN a kujerar shugaban majalisa.

Sabon tsarin mulkin irin na Amurka ne, ba irin na Ingila da aka yi a Jamhuriya ta Farko ba. A tsohon tsari, wanda ke da rinjaye a majalisa shi ne firimiya, don haka irin wannan rikici ba zai ma taso ba. A sabon tsari an raba iko biyu da gangan. Gwamna shi ne direba, amma kuɗin mai da izinin ɗaukar yaran mota duk suna hannun majalisa: ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni. Gwamna ya aika da sunaye, majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. NPN tana cewa tunda ita ce mai rinjaye, sai an ba ta kasonta a majalisar zartarwa. Gwamna yana cewa jama'a shirin PRP suka zaɓa, ba zai ɗauko waɗanda ya kayar ya danƙa musu aiwatar da shi ba. Haka aka yi ta ja-in-ja, jihar tana tafiya da manyan sakatarori da masu ba da shawara, cikinsu har da masanin tarihin nan na Jami'ar Ahmadu Bello, Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnati. Har Balarabe ya bar ofis bai naɗa kwamishina ko ɗaya ba.

Yana da kyau a tuna cewa Shagari ma irin wannan matsala ya tarar a Legas. NPN ba ta da rinjaye a majalisar dattawa, ba ta da shi a ta wakilai. Sai ya kira NPP aka zauna, aka ba ta ministoci da kujerar kakakin majalisar wakilai, gwamnati ta kama aiki. Masu sukar Balarabe da wannan suke kafa hujja: siyasa ciniki ce, wanda bai iya ragi ba ba ya sayarwa. A ganina hujjar tana da rabin gaskiya. Shagari da NPP rabon muƙamai ne ya haɗa su, ba wata aƙida da ta raba su tun farko. Balarabe kuwa abin da ya zo rushewa shi ne abin da 'yan majalisar suka zo karewa. Kwamitin binciken filaye da ya kafa, don a duba gonakin da aka ƙwace wa talakawa, kai tsaye ya nufi iyayen gidan waɗanda yake neman sa hannunsu. Sai dai kuma shi ma bai taɓa nuna ya yarda cewa waɗancan fiye da sittin ɗin ƙuri'a ce ta kawo su kamar yadda ta kawo shi ba.

Santsi da Taɓo

Da a ce gidansa lafiya yake, da da sauƙi. Gwamnonin UPN da GNPP da PRP su tara suka fara taro lokaci-lokaci da sunan gwamnonin ci-gaba. Uwar jam'iyyar PRP ta ga wannan hanya ce ta kai 'ya'yanta hannun Awolowo, ta ce Rimi da Balarabe su daina zuwa. Suka ƙi. A 1980 jam'iyya ta dare biyu: 'yan Santsi, wato ɓangaren gwamnonin biyu da tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu Kano. Aka kori gwamnonin daga jam'iyya, FEDECO kuma ta ce ɓangaren Malam ta sani.

Ka dubi halin da mutumin ya shiga. Gwamnatin tarayya ta abokan hamayya ce, majalisar jiharsa tasu ce, fadodin sarakuna ba sa yi da shi, jam'iyyar da ya hau da tutarta kuma ta ce ba ta san shi ba. Waɗanda suka ba shi aron ƙuri'a kuwa 'yan kujerunsu a majalisa ba su isa su tare masa kome ba.

Sashe na 170

Tsarin mulkin 1979 ya shimfiɗa yadda ake sauke gwamna a sashe na 170. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi. Kashi biyu cikin uku su yarda a bincika. Shugaban majalisa ya kafa kwamitin mutum bakwai waɗanda ba 'yan siyasa ba, ba ma'aikatan gwamnati ba. In kwamiti ya ce zargi ya tabbata, kashi biyu cikin uku su sake amincewa, shi ke nan gwamna ya sauka. A majalisa mai kujera 99, mutum 66 ake nema, kuma NPN ta haɗa su.

Wurare biyu a cikin sashen su suka sa abin ya zo da sauƙi. Na farko, laifin da ake tsige gwamna a kansa an ce shi ne babban rashin ɗa'a, amma aka bar wa majalisa ta faɗi abin da take ganin ya kai haka. Na biyu, an rubuta ƙarara cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kan lamarin. Wato mai ƙara shi ke zaɓen masu bincike, shi ke fassara laifi, shi ke yanke hukunci, an kuma rufe ƙofar ɗaukaka ƙara. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisa ta tsige Balarabe Musa, bai cika wata 21 a ofis ba. Ya garzaya kotu, kotu ta ce hannunta a ɗaure yake. Abba Musa Rimi ya karɓi ragama ya ƙarasa wa'adin, a zaɓen 1983 kuma Lawal Kaita ya samu kujerar da ta kuɓuce masa, ya yi wata uku a kai sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba.

Masu rubuta tsarin mulkin 1999 sun ɗan gyara: yanzu babban alƙalin jiha ne ke kafa kwamitin bincike, ba shugaban majalisa ba. Kuma a shari'ar tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo a 2006, kotuna sun nuna cewa za su iya duba ko an bi ƙa'ida, har suka mayar da shi kan kujerarsa. Balarabe bai samu irin wannan dama ba. Ya koma gonarsa da siyasar adawa, yana riƙe da tutar PRP har ya rasu a Nuwamban 2020.

Kwana goma sha bakwai bayan tsige shi, ranar 10 ga Yuli 1981, Kano ta kama da wuta a kan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona ofisoshin gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Rimi yana da majalisa, don haka ba a iya taɓa shi ta hanyar da aka bi a Kaduna ba. A 1983 kuwa, shekarar da Malam Aminu Kano ya rasu, Rimi ya sauka daga mulki ya koma NPP, ya kuma tsaya takara da Alhaji Sabo Bakin Zuwo, mutumin da 'yan boko suka raina har ranar da aka faɗi sakamako.